Binciken mai neman aure a kotunan Bronx: abin da za ka gani da abin da ba za ka gani ba

Wani bawan Allah ne ya rubuto daga Zariya. Wani mutum da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, yana neman auren ƙanwarsa, shi ne kuma waliyyinta. Mutumin ya ce ya taɓa aure a can, sun rabu a gaban kotu, kuma bai taɓa samun matsala da hukuma ba. Mai tambaya ya ji ana cewa a Amurka takardun kotu a buɗe suke ga kowa, shi ne yake son sanin yadda zai duba.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya bincike kafin ka ba da 'yar mutane. Abin da ka ji gaskiya ne, amma da sauran bayani. Doka ta buɗe ƙofar kotu, ta kuma buɗe yawancin takardunta, sai dai abubuwa biyun da kake nema, wato sakin aure da tarihin laifi, suna cikin waɗanda aka fi tsarewa. Aikina tafinta ne da neman takardu a waɗannan kotuna, don haka zan faɗa maka yadda abin yake a aikace.

Da farko ka cire tunanin cewa akwai wata kotu guda ɗaya da ake kira kotun Bronx. Jihar New York tana da gundumomi 62, birnin New York kaɗai ya ƙunshi biyar daga ciki, Bronx kuma ita ce ta ƙarshe da aka kafa, a shekarar 1914. A ƙidayar 2020 mutanenta sun haura miliyan 1.4. Kotunan da ke zama a cikinta na jiha ne, kowacce da irin shari'ar da take ji, kowacce kuma da nata ofishin magatakarda da nata rumbun takardu. Babbarsu ita ce Supreme Court. Kada sunan ya ruɗe ka, ka ɗauka irin Kotun Ƙoli ce ta Abuja. A New York wannan kotu ce ta matakin farko, daidai da Babbar Kotun Jiha a wurinmu, kuma akwai reshenta a kowace gunduma. Kotun ƙarshe ta jihar tana Albany, sunanta Court of Appeals. Alƙalan Supreme Court zaɓensu ake yi da ƙuri'a, na shekara 14. Su ke jin manyan laifuffuka da rigingimun dukiya masu yawa, kuma su kaɗai ke da ikon raba aure. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Ƙarƙashinta akwai Civil Court mai jin ƙarar kuɗi har dala 50,000. A cikinta akwai sashen ƙananan ƙararraki har dala 10,000, inda mutum ke tsayawa da kansa ba lauya, da sashen rigimar mai gida da ɗan haya. Akwai Criminal Court mai jin ƙananan laifuffuka, wadda kuma ita ce ake fara gurfanar da duk wanda aka kama, yawanci cikin awa 24. Akwai Family Court ta riƙon yara da ciyar da su da rikicin cikin gida, akwai Surrogate's Court ta gado da wasiyya. Yawancinsu suna kusa da juna a kan titi na 161, 'yar tafiya kaɗan daga filin wasan Yankee. Tsohon ginin yana lamba 851 a Grand Concourse, inda magatakardan gunduma yake, sabon ginin gilashi na manyan laifuffuka kuma yana gaba kaɗan. Kotun haya tana can sama, lamba 1118. Da safe za ka tarar da layi ya fito har bakin titi, kowa na cire bel da waya yana zubawa a tire kafin ya wuce na'urar bincike. Ba wanda zai tambaye ka me ya kawo ka. Kana iya hawa bene, ka karanta jerin shari'o'in ranar da aka manna a jikin ƙofa, ka shiga ka zauna a benci ka saurara.

Wannan shiga ba alfarma ba ce da wani ma'aikaci ke yi maka. Sashe na 4 na dokar shari'a ta jihar ya ce zaman kowace kotu a bainar jama'a yake, in ban da wasu 'yan nau'o'i da alƙali ke da damar rufewa, irin su shari'ar saki da ta fyaɗe. Sashe na 255 ya wajabta wa magatakarda ya bincika maka takardun da ke hannunsa in ka nema ka biya kuɗin da aka ƙayyade. A matakin ƙasa ma, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1980, a shari'ar jaridun Richmond da jihar Virginia, cewa tsarin mulki ya ba jama'a haƙƙin halartar shari'ar laifi. Alƙali a New York ba ya rufe fayil don kawai masu shari'a sun nemi a rufa musu asiri, sai ya rubuta gamsasshen dalili. Ni ina ganin wannan tsari yana da kyau ƙwarai, domin talaka ne ya fi cin moriyarsa. Alƙalin da ya san kowa na iya karanta abin da ya rubuta yana taka-tsantsan.

To mu zo kan saki, wanda a ganina shi ne babbar tambayarka. Sashe na 235 na dokar zamantakewar aure ya kulle fayil ɗin shari'ar saki na tsawon shekara 100. Ba mai ganin ƙorafin da aka shigar, ko shaidar da aka bayar, ko ita kanta takardar hukuncin, sai miji da matar da lauyoyinsu, ko wanda alƙali ya ba izini. Ko ka shiga NYSCEF, manhajar da lauyoyi ke shigar da takardu ta intanet, wadda kowa ke iya buɗewa ya karanta ƙararrakin bashi da na haɗari kyauta, takardun saki ba za su buɗe maka ba. Amma sashen ya bar wata 'yar ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba. Kowa na iya zuwa wurin magatakardan gunduma ya nemi takardar da ake kira Certificate of Disposition. Ba za ta faɗa maka abin da ya haɗa su ba, ko wa ya zargi wa da me. Za ta dai tabbatar cewa an yi shari'ar, ga kuma yadda ta ƙare. Wannan ya ishe ka, domin ba sirrin tsohuwar matarsa kake nema ba.

Sai dai magatakarda yana buƙatar abin da zai bi. Kowace shari'a a Supreme Court tana da lambar fayil, wadda suke kira index number, lambobi ne sannan shekarar da aka shigar da ƙarar. Da ita a hannu aikin na mintoci ne. In babu, sai an bi sunaye shekara bayan shekara, kuma sai ka san gundumar da aka yi shari'ar, domin zaman mutum a Bronx yau bai nuna cewa a nan aka raba auren ba. Yana iya zama Manhattan, ko Brooklyn, ko ma wata jihar daban.

Akwai kuma abin da nake roƙonka ka tambaya da kyau, domin a nan na fi ganin 'yan'uwanmu mata suna shiga uku. In mutum ya ce "mun rabu", me yake nufi? Da yawa sun saki matansu a gaban liman, an yi idda, kowa ya kama gabansa, a addinance magana ta ƙare. Amma in an yi rajistar auren a ofishin birni, a idon jihar New York suna nan a matsayin mata da miji har ranar da alƙali ya sa hannu. Wasu sun shigar da ƙarar, kuɗi ya yanke ko takardu suka maƙale, aka bar ta a haka shekara da shekaru. Wasu ma da zuciya ɗaya suke ɗauka an gama. Illar a kan ƙanwarka za ta sauka. Hukumar shige da fice ba ta amincewa da sabon aure sai an nuna mata takardar da ta kashe na baya, kuma auren mace biyu a lokaci guda babban laifi ne a dokar jihar. Sai ka ga an ɗaura aure a gida, an sha biki, amarya ta zauna shekara uku ko huɗu tana jiran biza da ba za ta taɓa fitowa ba, tana ɗauke da goyo, ita ba mai aure sosai ba ita ba bazawara ba. Takarda ɗaya da aka nema tun farko da ta hana duk wannan.

Abin da iyaye suka fi damuwa da shi, wato ko yana dukan mace, ko yana ciyar da 'ya'yansa, yawancinsa a Family Court yake, kuma nan ne hannunka ba zai kai ba. Tun 1997 ƙa'ida ta ce zaman wannan kotu a buɗe yake, amma takardunta ba a ba kowa, sai masu shari'ar. Ko an taɓa ba matarsa umarnin kariya daga gare shi, ko ana binsa bashin kuɗin ciyarwa, ba za ka gani a intanet ba. An yi haka ne saboda yara da matan da ke ɓuya daga masu cutar da su, ni kuma ban ga laifin dokar ba ko kaɗan, duk da cewa ta sa aikinka ya yi wuya.

Yanzu laifi. Akwai hanya biyu da wanda ba shi da hannu a shari'a zai bi. Ta farko kyauta ce, sunanta WebCriminal, wasu na ce mata WebCrims, a shafin kotunan jihar. Kana sa suna, ta nuna maka tuhuma da ranar zama na gaba. Amma shari'o'in da ke gudana kawai take nunawa, waɗanda ke da ranar komawa kotu. Da zarar an gama shari'a sai sunan ya ɓace daga ciki. Ta biyu ita ce binciken da ofishin gudanar da kotuna ke yi a duk gundumomi 62, dala 95 kowane suna. Ana ba su cikakken suna da ranar haihuwa, su kuma ba sa fitar da komai sai sunan da ranar sun dace daidai da abin da ke rubuce a wurinsu.

A nan sunayenmu ke ba da wahala. Muhammad ɗaya yana iya zama Mohammed a fasfo, Mohamed a lasisin tuƙi, in ta Nijar ya bi ya zama Mahamadou. Abubakar ya koma Aboubacar. Sunan uba ya zama na farko, na yanka ya koma ƙarshe. Sannan mutanenmu nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa? Don haka kuskuren ta fuska biyu yake zuwa. Kana iya biyan dala 95 a ce maka babu komai, alhali harafi ɗaya ne ya bambanta. Kana kuma iya samun wani mai irin sunan da irin ranar, ka ɗora wa bawan Allah laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ko da sunan ya dace, akwai abin da doka ta rufe da gangan. In an kama mutum, aka kori ƙarar ko aka wanke shi, sashe na 160.50 na dokar shari'ar laifi ya ce a rufe fayil ɗin, a ɗauka kamar ba a taɓa kama shi ba. Akwai kuma wani tsari da ake yawan yi a ƙananan laifuffuka, wanda lauyoyi ke kira ACD: alƙali ya ɗage shari'ar wata shida, ko shekara ɗaya in rikicin iyali ne, in mutum bai sake yin wani abu ba a kori ƙarar a rufe. Wanda aka yi wa hukunci a matsayin matashi mai laifi shi ma nasa a rufe yake. Sannan a Nuwamban 2023 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar Clean Slate, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2024, aka kuma ba kotuna shekara uku su kammala aiwatar da ita. A ƙarƙashinta ana rufe ƙaramin laifi bayan shekara 3, babba bayan shekara 8, ana ƙirgawa daga ranar hukunci ko ranar fitowa daga kurkuku, matuƙar mutum ba ya ƙarƙashin sa ido kuma bai sake yin wani laifin ba. Ba ta shafi laifuffukan lalata da mafi girman laifuffuka irin su kisan kai ba. Manufarta mutum ya samu aiki da gidan haya bayan ya gama biyan abin da ya aikata, kuma na ga mutanen kirki da ta buɗe wa hanya. Amma a wurinka abin da take nufi shi ne, in aka ce maka ba a sami komai ba, ba a ce mutumin bai taɓa yin komai ba. An ce ne kawai babu abin da doka ta yarda a nuna maka a ƙarƙashin wannan rubutun sunan, a wannan jiha.

Ina so kuma ka yi adalci ta ɗaya ɓangaren, in ka sami wani abu. Ganin sunan mutum a kotu bai sa ya zama mutumin banza ba. A Bronx kotun haya cike take kullum da mutane masu mutunci da kuɗin wata biyu ya gagara saboda rashin lafiya ko rasa aiki, har ta kai a 2019 jihar ta hana masu gidaje ƙin ba mutum haya don an taɓa kai shi wannan kotu. Direban tasi ana iya ƙararsa kan haɗarin da kamfanin inshora ne ke biya. Kamfanonin karɓar bashi suna shigar da ƙara a kan mutanen da ko sammaci bai iske su ba, a yanke hukunci a bayan idonsu. Takardar ƙorafi kuwa maganar ɓangare ɗaya ce, lauya ya rubuta ta don ya yi nasara. Tuhuma ma haka take. Abin dubawa shi ne yadda shari'ar ta ƙare, da kuma ko abin sau ɗaya ya faru ko ya zama hali. Na sha ganin an tura hoton shafi ɗaya na ƙorafi a WhatsApp, ya zagaye dangi daga Bronx har gida kafin magariba, alhali an daɗe da korar ƙarar. Wannan zalunci ne, kuma ɓata sunan Musulmi ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah.

Sauran wuraren a taƙaice. Laifuffukan tarayya, irin su damfara ta intanet da safarar ƙwaya mai yawa, ba sa cikin duk abin da na ambata. Bronx tana ƙarƙashin kotun tarayya ta Kudancin New York, ana kuma duba takardunta a PACER, shafin intanet na kotunan tarayya, senti 10 kowane shafi, in kuɗinka bai wuce dala 30 a wata uku ba a yafe maka. Kotun shige da fice ta ma'aikatar shari'a ce ta tarayya, fayilolinta ba a buɗe suke ba. Jihar tana da rajistar masu laifin lalata, waɗanda aka fi ganin haɗarinsu, wato na mataki na 2 da na 3, sunayensu na intanet kyauta, kuma ya kamata ka duba. In ya taɓa zama a New Jersey ko Ohio ko wata jiha, can ma tsarinsu daban, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Shafukan nan da ke cewa ka biya dala kaɗan su ba ka tarihin kowa, kada ka ba su kuɗinka. Tsofaffin bayanai suke tattarawa, suna cakuɗa mutane masu suna ɗaya.

Saboda haka shawarata ita ce ka bi ta hannun shi mai neman auren, domin abin da aka hana ka gani shi ba a hana shi ba. Ka ce masa, ko ka sa babban da ke tsakani ya ce masa, iyaye suna son ganin kwafin hukuncin sakin mai hatimin magatakardan gunduma. Shi yana da ikon zuwa da katin shaidarsa ya karɓa, kuɗin kaɗan ne, kuma ko ba don ku ba zai buƙace ta ranar da zai nema wa matarsa biza. A jikinta za ka ga sunan gunduma, da lambar fayil, da sunan alƙali, da ranar da magatakarda ya shigar da hukuncin. Sai ka ba wani amintacce da ke birnin wannan lamba ya je ofishin ya nemi takardar tabbaci da na ambata, a ga ko sun dace. Game da laifi, shi da kansa yana iya neman tarihinsa ta hanyar hoton yatsu, daga hukumar jihar da ke ajiye bayanan laifuffuka, wadda ke iya ba shi har da abin da aka rufe in ya nema, ko daga FBI, hukumar binciken laifuffuka ta tarayya, a kan dala 18, wanda ya shafi ƙasar baki ɗaya. Hoton yatsu ba ruwansa da yadda aka rubuta suna. In kuma ɗan ƙasar Amurka ne, kuma ta bizar wadda za a aura zai kawo ta, wata doka ta 2005 ta tilasta masa bayyana wasu laifuffuka, musamman na cin zarafin iyali, kuma ana sanar da ita kafin a ba ta biza.

Kada ka ji nauyin neman waɗannan. Ka faɗa cikin girmamawa, ka nuna masa cewa da ƙanwarsa ce shi ma haka zai yi. Mai gaskiya yakan kawo cikin sati biyu ko uku, wani ma har ya ƙara ganin girmanku. In ya ce yana da wani abu a baya, ka saurare shi, ka nemi takardar da ta nuna yadda aka ƙare, kowace kotun laifi tana ba mai shari'a irin wannan. In kuwa ya fara cewa takardar ta ɓata, ko lauyansa ya yi tafiya, ko ana wulaƙanta shi, ka dakata da sa rana har sai ta zo.

Abin da ya rage, wato halinsa da iyali, a wurin mutane za ka same shi. Bronx tana da masallatan mutanen Afirka ta Yamma da yawa, da ƙungiyoyin 'yan Gana da Nijar da Najeriya, kuma sun san junansu sarai. Ka nemi limamin masallacin da yake salla, da wanda suka yi zaman gida ɗaya, in da hali kuma wata dattijuwa daga ɓangarenku ta yi magana da wani daga dangin tsohuwar matar. Ka tambaye su ko yana zuwa ganin 'ya'yansa, da kuma wa ke biyan kuɗin gidan da suke ciki. Allah ya zaɓa wa ƙanwarka mafi alheri.